Ɗanyen Bango a Cocin Kan Dutse

Aikin da nake yi yanzu ba shi da sauti mai daɗi. Allunan filasta ake kawo mana a ɗaure daga masana'anta, mu jingina su da ƙarfe, mu bi da injin ɗaure kusa, kafin azahar ɗaki ya tashi a Bobigny, nan gefen Paris, kafin la'asar an manta wanda ya tada shi. Yaran da muke aiki tare, 'ya'yanmu haifaffun nan, kowanne da igiyar waƙa a kunne, in ka yi masa magana sai ya ciro ɗaya ya ce, "Wi, Tonton?" wato "Na'am, Kawu?" Ba na jin haushinsu, ko in ce ina ji kaɗan. Abin da ya tado mini wannan zance shi ne wata Lahadi da na ja tsofaffin gwiwoyina daga Stains, inda nake zaune, na hau jirgi zuwa Lyon, daga can na shiga mota har wani ɗan gari cikin duwatsu, inda na yi aikin da ya fi kowanne a rayuwata, gyaran wani tsohon coci. Na tarar da cocin a kulle. Gidan shan kofin da ke kallonsa ya zama gidan kwanan wani, mai burodi ya tashi, tsohuwar da ke riƙe da mabuɗi ta rasu. Wani mai yawo da kare ya ce mini yanzu jefi-jefi ake buɗe shi. Na leƙa ta ramin mabuɗi ban ga komai ba, sai na zauna a dakalin ƙofa har lokacin motar komawa ya yi.

Ni ɗan magini ne, daga unguwar Birni a Damagaram. In na rufe ido, abin da nake fara ji ba muryar mutum ba ce, ƙarar ƙafa ce cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa, caɓal-caɓal, tun rana ba ta yi zafi ba. Mu yara mu ne masu cuɗa. Mu ɗebo ruwa, mu zuba ciyawa, mu yi ta tattakawa har tafin ƙafa ya yi laushi, sannan a bar ƙasar ta kwana ta ruɓa. Baba ya zo ya ɗebi kaɗan, ya murza, ya shinshina. In bai ce komai ba, to ta yi. In ya yi gyaran murya, a koma ciki. Ga makuba kuma, ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa har ruwan ya yi ja, a shafe bango da shi don ruwan sama ya zame. Warinta na bin mutum har cikin aji. Amma abin da ya fitar da sunan Baba shi ne zane. Idan an gama yaɓe fuskar zaure, ƙasa tana ɗanya, sai ya sauko da kowa daga tsani, ya hau da wata tsohuwar wuƙa da guntun cokali, ya shiga fitar da dagi da takobi da jinjirin wata, layi na shigewa ƙarƙashin layi ba awo ba gwaji. Masu wucewa su tsayar da jakunansu suna kallo, shi ko waiwaye ba ya yi.

Ni ne ɗan fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma taɓa yabona ina ji ba. "Kai wannan" shi ne sunana har na yi gemu. Zanen gidanmu kuwa ba da baki ake koyar da shi ba. Sai ranar da ake sabunta bango, uba ya ɗora hannunsa a kan na ɗansa su ja layin tare; haka kakana ya yi masa. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa, ni kuma ba abin da nake so a duniya kamar wannan ranar. Duk shekara nakan ce, "Baba, bana fa?" Shi kuma ya ce, "Hannunka bai natsu ba tukuna." Kafin hannun ya natsu lakkol, wato makarantar boko, ta ɗauke ni, daga Damagaram sai Yamai, daga Yamai sai Lyon, wai karatun gine-gine. Ƙanena Sani kuwa tun yana yaro ya ce shi da laka haihata-haihata, ya kama kasuwanci. Zanen ya zauna a hannun tsoho yana jirana.

A Lyon, lokacin kaina baƙi wuluk kuma gwiwa ba ta san ciwo ba, wani malaminmu ya haɗa ni da wani dattijo mai gyaran tsofaffin gine-gine, sunansa Gaspar, yana neman mai kwaɓa masa farar ƙasa. Na bi shi don hutu ɗaya, na ɓige da shekaru. Ranar da ya fara kai ni cocin nan, daga waje bai cika mini ido ba: farin bango sumul, 'yan tagogi ƙanana, da hasumiyar ƙararrawa mai kai kamar albasa. Na ce a raina, wannan ai rumbun gidanmu ya fi shi ado. Da Madam Odil, tsohuwar mai mabuɗi, ta tura ƙofa, sai na haɗiye maganata. Duk gaban ɗakin, daga ƙasa har rufi, sassaƙaƙƙen itace ne da aka lulluɓe da ruwan zinariya. Ginshiƙai a murɗe kamar igiyar guga, inabi da ganye na hawa jikinsu, 'yan jarirai masu fukafukai da kumatu ɓul-ɓul suna leƙe daga kowace kusurwa. Rufin kusan a shimfiɗe yake, amma mai fenti ya yi masa dabarar da in ka ɗaga kai sai ka rantse ƙubba ce mai zurfi, da sararin sama a buɗe a tsakiyarta. Marmarar jikin bango ma ba marmara ba ce, farar ƙasa ce da fenti da wayo. Mu a Birni adonmu a waje yake don mai wucewa ya gani. Su sun shigar da nasu ciki, don ƙanƙara ba ta barin komai a waje.

Tarihin wurin a bakin Gaspar na ji shi, da tsakar rana, yana yanka cuku da wuƙar aljihu. Ya ce cocin ya kai wajen shekara ɗari uku; tun can baya da Kiristoci suka rabu biyu, wasu suka ce a tsiraita ɗakin ibada, wasu suka ce a cika shi har ido ya rasa inda zai sauka. Wannan salo na biyu shi ne barok. Mutanen garin kuwa talakawa ne. Idan ƙanƙara ta rufe gonaki sai maza su saɓa kaya, allura da zare da yadi, su bazu cikin ƙasashe suna talla, wasu suna sharar bututun hayaƙi a birane. Waɗanda Allah ya buɗa wa su suka ɗauko masassaƙa daga bayan dutse, wajen Italiya, kowane ƙauye na son nasa ya kere na maƙwabta. Da yawa cikinsu ba su dawo sun ga abin da suka sa aka yi ba. Na yi dariya na ce masa, ashe 'yan ci-rani ne suka gina shi, sai dai nasu ci-sanyi ne. Da na bayyana masa, ya daɗe yana gyaɗa kai.

Aikinmu shi ne wata ɗamarar ganye mai tudu da ta zagaye bango a ƙarƙashin rufi, wadda yoyo ya cinye. Tun ranar farko na gaya masa ni Musulmi ne, ba na yin fuska. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Jarirai nawa, ganye naka." Shi ke nan maganar addini tsakaninmu. Sallata a bayan coci nake yi ƙarƙashin wata bishiya, Madam Odil kuma ta ɗora wa kanta ajiye mini ruwan ɗumi na alwala, ba wanda ya roƙe ta. Har yau kunnena na riƙe da sautin wurin: kankarar cokalin gini a sama, tarin Gaspar, ƙararrawar shanu daga gangare, da babbar ƙararrawa da ke girgiza katakon da muke tsaye a kai. Gaspar ba shi da kara irin tamu. Ranar da ya ga ina fama da wani ganye, sai kawai ya cafke wuyan hannuna ba sallama, ya juya shi, ya lanƙwasa, ya sake juyawa, har ganyen ya naɗe bakinsa kamar mai rai. Kullum haka, wata da watanni. Daɗi kawai nake ji, ban kawo komai a raina ba.

In na je Paris sayen yaji da kilishi a Château Rouge, wani Alhaji mai shago, ɗan Maraɗi, yakan tare ni da, "Maraba da limamin Nasara." Nikan ce, "Alhaji, bango nake gyarawa, ba huɗuba nake musu ba." A yi dariya. Amma na san maganar da ta shiga shagon nan ta riga ta hau jirgin Yamai, kuma ban yi ƙarya ba.

A zamanin ba kowa ke da salula ba. Kati nake saye in shiga ɗan akwatin tarho da ke dandalin garin, in kira shagon maƙwabcinmu, a aika a taho da Baba. Wata rana, ƙanƙara ta fara narkewa ke nan, bayan gaisuwar da ta cinye rabin katin, sai ya ce, "An ce mini masallacin Nasara kake yaɓewa."

"Haka ne, Baba."

Na jira faɗa. Sai na ji ya ce, "Da wace ƙasa?"

Na gaya masa farar ƙasa ce da ake jiƙawa a rami ta shekara, a gauraya da garin marmara.

"Tana shan iska?"

"Tana sha, Baba."

"To, masu hankali ne." Ina jin hayaniyar shagon a bayansa. Sannan ya ce, "Kai wannan, idon nan ya fara yana. Fuskar zaure kuma ta tsage, bana zan sabunta ta kafin ruwa shi sauka. Ka zo ka tsaya kusa da ni."

Na jingina da gilashin akwatin. Maganar da nake jira tun ina cuɗa ƙasa da gajeren wando ke nan. Na ce, "Baba, ko gobe ka ce, gobe zan taso."

"Aikin da ke hannunka fa, ka gama?"

"Yanzu muka koma kansa, Baba. Ƙasar nan ba ta son sanyi, tsagewa take. Sai ƙarshen zafinsu za mu kai gaci."

"Ka sa hannu ke nan."

"Na sa."

"To, magini ba shi juya wa ɗanyen bango baya. Gama musu, sannan ka zo."

Nan matsalar take. Farar ƙasa ba ta taɓuwa sai ƙanƙara ta narke, lokacin kuwa shi ne bazararmu, sa'ad da ake rige-rigen yaɓe kafin damina. Bangon biyu lokaci ɗaya suke nema. Na hau sama na gaya wa Gaspar, ya ajiye cokali ya ce, "Tafi mana. Cocin ya jira shekara ɗari uku, zai jira ka wata guda." Na sauko da gudu na sake sayen kati.

Baba ya saurare ni har na gama, ya ce, "Shi ya yafe maka. Bangon ya yafe maka?"

"Baba, mai aikin da kansa ya sallame ni."

"In ka baro shi, kada ka hau tsanina."

"To ruwa fa, Baba? In damina ta tarar da tsagar nan?"

"Ruwa na Allah ne. Ina jiranka."

Har yau in na tuna sai in ji kamar in tashe shi mu yi ta, Allah ya jiƙansa da rahama. Taurin kai irin na magina, babu na biyunsa. Bangon wasu mutane, a wata ƙasar da bai san ko gabas take ko yamma ba, ɗakin ibadar da ba tasa ba, shi ya fifita a kan nasa. Yaran yanzu za su ce, me ya hana ka hau jirgi kawai? Ba su san Baba ba. Da na je, zai amsa gaisuwata, a kawo mini fura, a yi mini shimfiɗa, kuma ba zan taka tsanin nan ba ko zan mutu. A wajensa wanda ya iya barin bango ɗaya zai iya barin kowanne, kuma ba a ba irinsa zane.

Na koma kan ganye da zuciya a wuya. Na so in yi aikin wata biyu a mako, amma zafin nema ba ya kawo samu. Farar ƙasa shafi-shafi ake yin ta, sai na ƙasa ya kama ake ɗora na sama, kuma ba ta san uban kowa na jira ba. Duk ganyen da na yi da gaggawa Gaspar ya kankare shi ba tare da ya dube ni ba. A can gida kuma Sani ke ba ni labari: magina abokan Baba sun zo sun ce a bari su toshe tsagar ko da yaɓen wucin gadi ne, ya ce ba mai taɓa fuskar zauren nan sai mu biyu. Tabarmi kawai ya yarda aka rataya. Nikan tsaya a saman katako ina kallon gajimare ta 'yar taga, ina lissafin inda damina ta kai a Damagaram.

Cikin watan da ruwa ya fi ƙarfi, na kira shagon, Sani ya ɗauka. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Fuskar zaure ta zube shekaranjiya da hantsi. Ba ta taɓa kowa ba, alhamdu lillahi."

"Baba fa?"

"Yana nan. Ya wuni zaune cikin ɓaraguzan yana lalube. Yaya, idon ya rufe fa. Kuma gida ba shi zama a buɗe, ga mata ga yara. Na sa a tada bangon da bulo."

Ban ga laifin Sani ba, a lokacin ma ban gani ba. Na fito daga akwatin na zauna a bakin rijiyar dandali na yi kuka, babba da ni, Madam Odil tana tsaye nesa da kwandonta ta rasa yadda za ta yi da ni. Sannan na koma na hau sama, don ƙasar da na kwaɓa tana jira.

Mun gama ana gab da sanyi. Ranar da aka kwance katakai, mutanen gari suka shigo suna ɗaga kai, ba wanda ya iya nuna inda tsohon ganye ya ƙare nawa ya fara, kuma a sana'ar wannan shi ne yabo. Gaspar ya naɗe mini ganye ɗaya cikin tsumma, wanda na yi na gwaji, ya ce, "Tunda ba ya gani, kai masa ya taɓa."

Da na isa Birni sai da na wuce ƙofar gidanmu, wani yaro ya maido ni. Bango ne toka-toka da ƙofar ƙarfe, irin na kowa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Na sami Baba a tsakar gida kan buzu, ya rame, idanun sun yi fari. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi sanyi, sannan ya ce, "Ka gama musu?"

"Na gama, Baba."

"Madalla."

Na sa masa ganyen a hannu. Ya daɗe yana bin sa da yatsu, daga gindi zuwa baki, ya juya bayansa, ya shinshina. Bai ce komai ba, na kuwa san ma'anar shirunsa tun ina yaro. Wannan ya ba ni ƙarfin cewa, "Baba, katangar cikin gida har yanzu ta ƙasa ce. In na kwaɓa, ko a nan ne sai mu ja."

Ya ce, "Kwaɓa mu gani."

Na tuɓe takalmi na cuɗa ƙasa kamar da, matan gida na leƙe suna dariyar mutumin Faransa cikin laka. Da ta ruɓa na yaɓe daidai tsayin ƙirji, don kada ya hau komai. Da hantsi na kamo shi na tsayar gaban bangon, na riƙe tsohuwar wuƙarsa, ya ɗora hannunsa a kan nawa. Hannun ba nauyi, ga sanyi. Muka fara dagi. Layin dagi miƙewa yake, ya karya kwana a tsaye, ya shige ƙarƙashin ɗan'uwansa. Muna isa kwanar sai wuyan hannuna ya lanƙwashe da kansa, layin ya naɗe baki kamar ganye. Na shafe, muka sake. Ya sake naɗewa. Na cije leɓe na ƙame hannun, layin ya fito a mace. Mun yi ta yi har ƙasar ta fara ƙin wuƙa, ina jin numfashinsa a kafaɗata. Can sai ya ɗage hannunsa a hankali.

"Bari, kai wannan. Kada ka wahal da shi."

"Baba, mu sake ɗaya."

"Hannun nan ya natsu," ya ce. "Amma ya riga ya yi ubangida." Ya lalubi bango ya goge yatsunsa. "Wanda ya koya maka ya iya aiki. In ka koma, ka gaishe shi."

Ya nemi in mai da shi kan buzunsa, na mai da shi. Bai sake tada maganar ba, ni ma ban iya ba. Bai ga wata damina ba, zanen gidanmu kuma ya bi shi. Abin ya yi mini ciwo a ranar, yana kuma yi mini har gobe.

Da na koma, na sami Gaspar a rumfarsa a gefen Lyon yana motsa farar ƙasa a rami. Ya yi mini tambayar da na san zai yi: "To, me tsohon ya ce?"

Na ce, "Ya ce ka iya aiki. Ya ce in gaishe ka."

Fuskarsa ta yi ja don murna. Ya cire hularsa, ya goge hannu a wando, ya ce tun da yake ba a taɓa aiko masa da gaisuwa daga wuri mai nisa haka ba. Ya sa na maimaita masa da Hausa, ya gwada faɗa bai iya ba, ya yi dariya. Na bar shi da murnarsa, na ɗauki shebur na kama masa motsawa.